Karen da Na So Ya Yi Hausa

Duk wanda ya zauna a layin ɗakinmu na hostal a zangon da ya wuce ya ga bidiyon nan. Daƙiƙa 43 ne kacal. Wani jan kare mai dogayen ƙafafu ya tako gaban wani falanki, ya ɗora ƙafa a kan jan murfi, sai ka ji muryata ta fito daga 'yar sifika: "Ruwa." Ya ɗago kai ya dubi mai ɗaukar hoton. Aka kawo ruwa a kwano, ya sha. Sai ga shi kuma ya taka shuɗin murfi: "Waje." Aka buɗe masa ƙyaure ya fita da gudu. Abokai suka yi ta turawa daga wannan guruf zuwa wancan, har wani ɗan sashen Akanta da ban taɓa ko gaisawa da shi ba ya tare ni a wajen mai shayi ya ce, "Wai kai ne mai karen nan da ke yin Hausa?" Tun daga ranar sunana ya ɓace, na koma Malamin Kare.

Saura 'yan makonni mu ajiye biro mu bar makarantar nan, kuma ba na son in tafi da bashin kowa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da bidiyon bai nuna ba.

Gidanmu yana gefen Magama, a ƙaramar hukumar Jibiya, daf da ƙofar iyakar Najeriya da Nijar. In ka wuce ƙofar, garin da za ka fara tararwa mai girma shi ne Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Baba direba ne, shekaru ya yi yana jigilar mutane da kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 motar ta zauna, daga baya ya sayar da ita ya koma noma da turkar raguna. An buɗe ƙofar Jibiya a 2022, aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka kuma ba da umarnin buɗewa a Maris ɗin 2024, amma Baba ya riga ya haƙura da tuƙi. Ragunan nan su ne kuɗin makarantata. Kowane rasit ɗin rajista da na taɓa riƙewa a nan, akwai ragon da ya tafi kasuwa saboda shi.

Karen kuwa ba namu ba ne tun asali. Na Kawu ne, yayan Innarmu. A daminar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin jihar saboda 'yan bindiga, muka wayi gari da sallama a ƙofar gida. Kawu ne da matarsa da jikoki biyu, sun taso daga ƙauyensu da ke can yamma, wajen iyaka da Zamfara. Ba su iya kiran kowa ba tunda babu sabis, tafiya kawai suka yi. Abin da suka fito da shi bai wuce ƙullin kaya ɗaya da tabarma da akuya ba. A bayansu kuma ga wani ɗan kwikwiyo ja, haƙarƙari duk a waje. Sunansa Barsu. Mutanen ƙauye haka suke raɗa wa kare suna, da habaici a ciki, yadda in ka kira karenka maƙwabci ma ya ji nasa saƙon.

Inna ba ta so ba ko kaɗan. Ta ce ita ba za a hana mala'ikun rahama shiga gidanta ba. Sai da Baba ya kai maganar wajen limamin unguwa. Liman ya ce hadisi ya halatta ajiye kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai a wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai. Ya ƙara da labarin Ibn Abi Zaid, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, wanda shi ma ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro. Aka yi sulhu: Barsu zai zauna a bayan gida wajen turken raguna, ba zai tako tsakar gida ba. Baba ya kai shi aka yi masa allurar haukan kare. Kawu ya shimfiɗa tabarmarsa a rumfar da ke kusa da turken, ya ce shi ɗaki zafi yake masa.

To, yadda aka yi madannai suka shigo maganar. Muna ND I na ci karo da bidiyon wata karya mai suna Bunny a TikTok, a jihar Washinton ta Amurka, tana taka wasu madannai a ƙasa suna furta kalmomi da muryar mai ita, Alexis Devine. Na bi diddigi na gano wadda ta fara abin, Christina Hunger, ƙwararriya ce a taimaka wa yaran da ba sa iya magana. A wajen aikinta yaran suna danna na'ura ta furta musu abin da suke so. A 2018 ta gwada hanyar a kan 'yar kwikwiyonta Stella a birnin San Diyego, ta fara da kalmar fita waje, daga baya madannan suka kai gommai. Na karanta labarin Chaser, karyar da wani farfesa mai ritaya, John Pilley, ya koya wa sunayen kayan wasa 1,022. Na yi ta ƙona data a kan wannan har tsakar dare.

Da aka ce kowa ya kawo taken furojet, ni da ke sashen lantarki na riga na san nawa. Kuma ba don wasa na zaɓe shi ba. A garinmu haushin kare da dare abu ne mai nauyi, amma kare yana haushi don mage, yana haushi don wani karen, yana haushi don mai dawowa daga kallon ƙwallo. Na ce me zai hana in ba Barsu madanni guda da zai taka in ya ji baƙon mutum, a ja waya zuwa ɗakin Baba, ƙararrawa ta kaɗa a can? A raina har na fara hango ƙauyuka suna saye. Karen bana shi ke maganin zomon bana, in ji masu magana, ni kuma na ɗauka ni ne na banan.

Haɗa abin ba wuya, duk ɗan ND II zai iya. Akwai wani ɗan allo da ake kira ISD1820, yana da makirifo a jikinsa, yana ɗaukar murya ta kamar daƙiƙa 10, yana aiki da wutar da ba ta wuce bolt 3 zuwa 5 ba, kuma yana iya tura ƙaramar sifika kai tsaye. Na ba wani ɗan ajinmu da zai je Kano saƙo ya sayo mini guda huɗu a Sabon Gari. Na samo murafen bokitin fenti masu launi daban-daban, na sa ɗan makunni a ƙarƙashin kowane, na liƙe wayoyi da dalma, na kafa su a kan falanki. Na ɗauki muryata a kowane: Ruwa, Waje, Tuwo, Baƙo. Na huɗun shi na haɗa da doguwar wayar da ta bi ta kan katanga zuwa ɗakin Baba.

Ranar da na kai falankin gida, Kawu yana zaune yana tufkar igiya. Ya dube shi ya dube ni.

"Injiniya, mi ne ne wanga kuma?"

"Kawu, magana zan koya wa Barsu."

"Yo da can kurma ne?"

Na yi dariya na wuce, don na ɗauka ba'a ce irin ta kawu da ɗan ƙanwa.

Hanyar koyarwar, kamar yadda masu yi suka bayyana, ba a kama ƙafar kare a ɗora masa. Kai ne za ka riƙa faɗin kalmar, ka danna madannin a gabansa, nan take kuma ka aikata abin. Za ka buɗe ƙyaure, ka ce "waje", ka danna, ka buɗe. Haka za ka yi ta yi har ya haɗa ukun a kansa. Hutun ƙarshen zango gaba ɗaya a kan wannan ya ƙare. Makon farko Barsu ko kallon falankin bai yi ba. Mako na biyu ya ɗaga ƙafa ya yi masa fitsari, allo ɗaya ya ƙone. Na uku ya tsinke wayar Tuwo da haƙori. Yaran unguwa suka riƙa hawa katanga suna kallon ɗan boko yana durƙushe gaban kare yana cewa "ruwa, ruwa". Inna ta ce in da Alƙur'ani na durƙusa wa haka da yanzu na sauke sau biyu.

Ranar wata Talata da hantsi, a mako na huɗu, ina gyaran turke na ji muryata a bayana ta ce, "Waje." Na waiwaya, ga Barsu tsaye a kan shuɗin murfi yana kallon ƙyaure. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na buɗe masa hannuna na rawa. Kafin hutu ya ƙare yana taka Waje kullum, yana taka Ruwa jefi-jefi, Tuwo kuwa sai ya ga Inna ta fito da ƙanzo. Da na dawo makaranta na bar wa ƙanwata Ummi littafi da biro, duk abin da ya taka ta rubuta da lokacin da abin da ya biyo baya. Duk ƙarshen mako kuma ina shiga motar Jibiya in je in duba.

Matsalar ta fito ne daga madanni na huɗu, wanda don shi aka yi komai. Ruwa da waje da tuwo abubuwa ne da kare ke so, in ya taka ya samu. Baƙo fa? Me zai samu? Sai na yi dabara. Na riƙa sa abokaina da bai sani ba su zagayo ta bayan katanga, in ya zabura in ce "baƙo", in danna, in jefa masa ƙuli-ƙuli. Cikin kwana kaɗan ya iya. Aboki zai zagayo, Barsu ya taka, ƙararrawa ta kaɗa, ƙuli ya faɗo. Na ce alhamdu lillahi, furojet ya kammala.

Sai ya fara takawa babu kowa. Da rana ya taka, da yamma ya taka, ya zauna yana kaɗa bindi yana kallon aljihuna. Wani daren Asabar, wajen ƙarfe biyu, ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin Baba. Ku da kuka taso a cikin birni ba lallai ku gane abin da wannan ke nufi ba. Baba ya diro daga gado ba takalmi. Inna ta tattara yara ta tura su ƙarƙashin gado tana salati. Ƙaramar jikar Kawu, wadda ta taɓa ganin irin wannan dare da idonta, ta saki fitsari a tsaye, ta kwana tana rawar jiki. Muka leƙa bayan gida da sanda, ga Barsu zaune gaban falanki yana jiran ƙulinsa, Kawu kuma yana ta minsharinsa a kan tabarma. Da asuba Baba ya sa wuƙa ya datse wayar. Bai yi mini tsawa ba. Cewa kawai ya yi, "A garin nan ba a wasa da wannan." Na gwammace a ce mari ya yi mini.

Duk da haka ban haƙura ba. Na zauna na tsince wuraren da Barsu ya yi daidai daga cikin bidiyoyi masu yawa, na haɗa daƙiƙa 43 ɗin nan da kuka gani, na kai wa malamin da ke duba furojet ɗina. Ya kalla sau biyu. Ya ce, "Wa ke riƙe da wayar?" Na ce ni ne. "Kwanon ruwan yana ina lokacin?" Na ce yana hannun ƙanwata. "Karen yana ganinta?" Na yi shiru. Sai ya ce in je in karanta labarin wani doki mai suna Hans in dawo.

Hans doki ne a birnin Balin na Jamus a farkon ƙarni na 20. Mai shi, Wilhelm von Osten, malamin lissafi ne, kuma ya yi imani dokinsa ya iya lissafi: a tambaye shi, ya buga kofato daidai adadin amsar. A 1904 aka kafa kwamiti na mutum 13 suka bincika, ba su sami wata yaudara ba. Sai wani mai nazarin halayya, Oskar Pfungst, ya sake gwajin ta wata hanya, ya fitar da sakamakon a 1907. In mai tambaya ya san amsar kuma dokin yana ganinsa, yana cin kusan kashi 89 cikin 100. In mai tambayar bai san amsar ba, sai ya faɗo zuwa kashi 6. Ashe fuska da jikin mutum yake karantawa. In ya kusa adadin, mutum yakan ɗan ɗaure jiki, in ya kai ya saki, shi kuma ya tsaya. Mai dokin bai ma san yana yin haka ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan, mutumin ba maƙaryaci ba ne, so kawai yake abin ya zama gaskiya.

Malam ya tsara mini gwaji mai sauƙi. In ɓuya inda Barsu ba ya ganina, a ja wa kowane madanni 'yar waya daga nesa, wanda zai danna kada ya san wace kalma ce, a kafa waya tana ɗauka, a ga abin da karen zai yi in ya ji kalmar. Ya ce irin wannan tambayar ce masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, ƙarƙashin Federico Rossano, suka yi. Sakamakonsu ya fito a mujallar PLOS ONE a watan Agustan 2024: karnuka 59 da suka saba da madannai, kuma sun nuna suna gane kalmomin wasa da fita waje, ko mai su ne ya danna ko wani daban. Ke nan abin ba tatsuniya ba ne gaba ɗaya. Amma gane "waje" daban, hira daban.

Muka yi gwajin ni da Ummi da wani abokina a ƙarshen mako uku, sau 10 ga kowace kalma. Da ya ji Waje, sau 8 ya nufi ƙyaure. Da ya ji Ruwa, sau 5 ya je wajen kwanonsa, sauran ya tsaya yana waige-waige. Tuwo ta ba da sakamako a cakuɗe. Da ya ji Baƙo, ko sau ɗaya bai dubi katanga ba. Sau 9 ya tafi kai tsaye inda nake rataye rigar da ke da ƙuli a aljihu. Na koya masa kalma da gaske, sai dai a wajensa ma'anar kalma ita ce abin da ke biyo bayanta. Ni na ɗauki murya na ce baƙo, shi kuma ƙuli-ƙuli yake ji.

Ina cikin wannan takaici ne daren ya zo. Lokacin sanyi ne, na je gida ranar Juma'a, na kwana a rumfa kusa da Kawu don ɗakinmu ya cika. Can cikin dare na ji hannu a bakina. Kawu ne. Ya raɗa mini, "Kashe wayarka. Tahi ka tada babanka, kar ka kunna fitila." Na kasa kunne, ban ji komai ba sai iska da tarin rago. Babu haushi. Da idona ya saba da duhu na hango Barsu tsaye ƙyam, ya fuskanci yamma, gashin bayansa a miƙe, bindi a sandare. Akwai wani gurnani da yake yi can cikin ƙirji, ƙasa-ƙasa, wanda sai ka matso za ka ji. Falankina yana nan taku biyu daga ƙafarsa. Ko ta kansa bai bi ba.

Baba bai yi tambaya ba da ya ji Kawu ne ya aiko. Muka fitar da mata da yara ta ƙofar gaba zuwa gidan maƙwabcinmu mai ginin bulo da ƙofar ƙarfe. Muka zauna a ƙasa cikin duhu. An ɗauki kamar kwata na awa kafin kunnena ya fara jin abin da Barsu ya daɗe da ji: ƙarar babura, da yawa, ba fitila. Suka bi ta bayan gonaki suka wuce. Da gari ya waye muka ji an kore shanu a wata ruga da ke gaba da mu. Ba a shigo layinmu ba, ba mu rasa ko akuya ba. Amma da sun karkato, minti 15 ɗin nan shi ne ratar da ke tsakaninmu da abin da ba na son rubutawa.

Da hantsi na sami Kawu a rumfa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, yaya aka yi ka sani? Ai bai yi haushi ba."

"Shi ya sa na sani," in ji shi.

Ya ajiye igiyar ya fara lissafa mini da yatsu. In mage ce ko wani kare, haushin sama-sama ne, yana yi yana zagaye. In maciji ne, haushin gajere ne a wuri ɗaya, kai a ƙasa, yana ja da baya. In wanda ya sani ne ke dawowa, sau ɗaya ko biyu zai yi ya kaɗa bindi. In baƙon mutum ɗaya ne a ƙasa, murya ta yi kauri, haushin ya zo a jere ba hutu. "Daren da ya taka abinka ka ga na tashi? Ina jin shi. Yunwa ce da wasa. Amma in ka ga ya tsaya ya haɗiye haushin, to mutane ne da yawa, kuma ba na alheri ba."

Na ce me ya sa yake haɗiyewa? Kawu ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce daren da aka shiga ƙauyensu, uwar Barsu ce ta fara haushi, ita aka fara harbewa. Shi kuma ya tsinci ɗan kwikwiyon da safe a ƙarƙashin rumbu, ya yi lamo. Kawu ya yi imani tun ranar ya koyi shiru. Ni ba ni da awon da zan gwada wannan da shi, kuma ban yi masa gardama ba.

Da na dawo makaranta na bincika, na tarar masana sun bi ta inda Kawu ya bi. A Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budafes a ƙasar Hangari, Péter Pongrácz da abokan aikinsa sun ɗauki haushin karnuka a yanayi daban-daban, kamar zuwan baƙo, da wasa, da barin kare shi kaɗai a ɗaure, suka kunna wa mutane. A rahotonsu na 2005, mutane sun iya rarrabe yanayin fiye da yadda canki zai ba da, har da waɗanda ba su taɓa ajiye kare ba. Haushi mai kauri da sauri yana tafiya da faɗa, mai siriri da tazara yana tafiya da tsoro ko kaɗaici. Ga kuma abin da duk ɗan lantarki ya sani: kunnen mutum yana tsayawa ne a wajen hez 20,000, na kare yana wuce 40,000, ban da hancin da ya ninka namu nesa ba kusa ba. Wato na ɗauki halittar da ta fi duk na'urar da ke ɗakin gwajinmu ji da sansana, mai muryoyi aƙalla biyar da shiru guda, na ce sai ta matse duk wannan cikin murfin bokiti huɗu kafin in yarda ta yi magana. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Tun muna firamare muke rera karin maganar nan, ban taɓa tunanin da ni take ba. Shekara huɗu Barsu yana gidanmu yana wannan jawabi, ni kuma sai da na ji muryata ta fito daga sifika sannan tsigar jikina ta tashi.

Saura babi na huɗu na rahoton, inda ake rubuta sakamako. Wani abokin ɗakina, da zuciya ɗaya, ya ce, "Kai dai ka cika wahalar da kai. Rubuta kashi 90 ka manna bidiyon nan. Wa zai shiga motar Jibiya don ya duba kare?" Gaskiya ya faɗa, babu mai zuwa. Kuma kun san ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba, mun san yadda ake cika teburan babi na huɗu a daren da za a kai ɗauri. Na buɗe kwamfuta, har na rubuta adadin. Sai fuskar yarinyar nan da ta saki fitsari a tsaye ta faɗo mini. Na ce a raina, in wani ya ɗauki rahoton nan daga laburare shekara biyu masu zuwa, ya ga kashi 90, ya haɗa irinsa ya kai ƙauyensu, mutane suka kwanta suna jiran ƙararrawa fa? Na goge. Na sa 8 da 5 da sifili kamar yadda suke a littafin Ummi. A ƙarƙashi na rubuta cewa na'urar tana aiki a matsayin na'ura, amma ba ta dace da tsaro ba, kada kowa ya dogara da ita.

Ranar difens wani daga cikin malaman ya yi dariya ya ce wannan ne karo na farko da ɗalibi ya tsaya gabansa yana ba da hujjar cewa furojet ɗinsa bai yi ba. Wata malama kuma ta tambaye ni daga ina Christina Hunger ta samo dabarar. Na ce daga yaran da ba sa iya magana. Ta ce, "To ka mayar da ita inda ta fito mana. Mutum nawa ka sani da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa baki?" Na san biyu a unguwarmu kaɗai. In Allah ya sa na dawo HND, daga nan zan fara. Makin da na samu bai kai wanda na yi mafarki ba, amma na wuce, kuma Baba bai sayar da ragonsa a banza ba.

Yanzu in na je gida da wani sabon littafi nake zuwa. Duk haushin da Barsu ya yi ina ɗauka a waya, in kunna wa Kawu, ya faɗa mini na mene ne, in rubuta. Ummi ta fi ni saurin kamawa, ta riga ta iya bambance na maciji da na mage daga cikin ɗaki. Kawu ya haura saba'in, tarin da yake yi da sanyin bana bai yi mini daɗi ba, kuma shi kaɗai ne a gidan ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Muna sauri ne mu koya tun yana nan.

Falankin yana nan a gindin turke. Ban cire madanni na huɗu ba. Na danna wajen ɗaukar murya na goge "baƙo", na sa abin da yake nufi tun farko. In kun zo Magama kuka ji wata murya daga bayan wani gida tana cewa "ƙuli, ƙuli" da tsakar rana, to gidanmu ne, ku yi sallama. Ku taho da na hamsin a aljihu, don Barsu ba ya yafe bashi.